Dibor Mai Gadin Kumfa

Dibor Fay ba 'yar bakin teku ba ce. A ƙasar gyaɗa aka haife ta, can cikin tudu, inda ruwa mafi zurfi shi ne na rijiya. Aure ya kawo ta ƙauyen masunta da ke gefen Dakar, gidan Libas Samb, kuma har ta yi haihuwa uku ba ta taɓa barin teku ya wuce mata gwiwa ba. Suyar kifi take yi a bakin gaɓa.

Da kifi ya yi ƙaranci, sai Libas ya koma kai baƙi kallon mushen jirgi. Wani tsohon jirgin ƙarfe ne da ya nutse a bayan tsibiri tun Libas yana yaro, ya kwanta ta gefe cikin yashi. Wurin ba zurfi. In ruwa ya lafa, mai iyo a sama da tabarau da bututun numfashi yana hangen tagoginsa, kifaye na shiga suna fita. Masu son taɓawa da hannu kuwa sai su goya tulun iska su bi Libas ƙasa.

Dole a bar mutum a cikin kwalekwale. Ƙanin Libas ke wannan aikin, har ranar da ya bi masu tafiya Turai ta teku. Sai Libas ya dubi matarsa.

"Nijay," in ji ta, yadda take kiransa don girmamawa, "ni fa ko a baho tsoron ruwa nake ji."

"Wa ya ce ki shiga, 'yar tudu? Zama kawai za ki yi ki dubi kumfa. Muddin tana tasowa, mijinki na numfashi."

Da ya sani da bai faɗi haka ba. Tun daga ranar, da zarar ruwa ya rufe kansa, Dibor ba ta ƙara ƙifta ido da daɗi. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta amsa gaisuwar masuntan da ke wucewa. Wuyanta ya ƙage don leƙe. Ko a gida tukunya ta tafaso, sai gabanta ya faɗi.

Wata Asabar bayan damina suka ɗauki wata malamar asibiti, Madam Kan, da mijinta Usenu, ƙato mai tumbi. Madam ta bi Libas ƙasa. Usenu ya ɗan yi iyo a sama, ya gaji, ya hawo yana haki ya jefar da tabarau a ƙafar Dibor.

Kumfa biyu ke yawo tare, sai Dibor ta ga sun tsaya wuri guda. Can ɗaya ta rabu, Madam ta ɓullo ita kaɗai, ta fizge abin bakinta.

"Taru! Tsohon taru ne a jikin jirgin! Libas ya kwance ni, tarun kuma ya kama masa tulu ta baya. Wuƙarsa ta faɗa cikin rami!"

"Ki koma mana!" in ji Dibor.

"Iskata ta ƙare, wallahi ta ƙare!"

Dibor ta waiga, babu kwalekwale ko ɗaya kusa. Ta zaro wuƙar gyaran kifi daga ƙarƙashin benci, ta ɗaure ta da igiyar ƙugiya tare da dalma, don sauri har ƙullin ya kwance sau biyu. To ina za ta saka? Daga sama ba a ganin komai sai ƙyallin rana. Ta ɗauki tabarau ɗin nan ta ɗaura.

"Malam, riƙe ni ta ƙugu. In ka sake ni, Allah ya isa."

Usenu ya riƙe ta, ta tsoma fuska.

Ashe girman jirgin ya fi masallacin garinsu. Ga shi nan baƙi ƙirin, ciyawa ta lulluɓe shi, taru na lilo a jikinsa kamar tsumma. Ga Libas a gefen wata ƙofa, yana miƙa hannu baya ba ya kaiwa. Ya ɗago kai ya gan ta.

Ta saki igiya. Ruwa ya ja wuƙar gefe. Ta ɗago ta shaƙi iska, ta yi wa Madam tsawa ta ja igiyar anga don kwalekwale ya matsa, ta sake tsomawa. A wannan karon wuƙar ta sauka daidai kafaɗarsa, ta ga ya cafke. Nan ta manta ta buɗe baki, ruwan gishiri ya cika mata maƙogwaro. Usenu ya jawo ta tana tari tana amai.

Da ta share ido ta duba, kumfa ta ɗauke.

Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe bakin kwalekwale tana kiran sunansa na yanka, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Sai ga kansa ya fasa ruwa, babu tulu, ya yanke maɗaurin ya baro shi can. Jini na bin hancinsa.

Da suka jawo shi ya daɗe a kwance kafin ya ce, "Wuƙar taki ba kaifi, 'yar tudu."

Har suka iso gaɓa ba ta dube shi ba.

Ta rantse ita da kwalekwale har abada, ta koma kaskonta. Libas ya tara abokansa masu nutso suka yanke tarun da ke jikin jirgin, suka jibge a bakin gaɓa, aka yi ta cacar baki da masu jefa taru a wurin. Sannan ya ɗauki wani maƙwabcinsu ya zauna masa a kwalekwale. Ana nan sai wani masunci ya ce wa Dibor ya wuce ta bayan tsibiri, ya ga mutumin ya juya wa ruwa baya yana dafa shayi.

Washegari ta riga Libas shiga kwalekwale.

Tana nan har yanzu, ta fara furfura. Baƙi kan tambaye ta ko ita ba ta sha'awar ganin jirgin. Ba tare da ta ɗago kai daga ruwa ba take ba su amsa: "Na gan shi sau ɗaya. Ku dai yi sauri ku fito."