Dawon da Ba Namu Ba

Wuya muka sha a kiɗan nan, kuma ba mu tsira da komai ba. Duk wanda ya ce maka akwai daɗi, bai taɓa ɗaukar batir ɗin mota a ka daga bakin hanya zuwa gidan biki ba, cikin zafin bazara, ruwan batir yana ɗiga yana cin wuyan riga. Mu mun ɗauka. A yi mana alkawarin mota, mu ƙare a bayan amalanken jaki. A ce akwai abinci, mu tarar an shanye miya an bar mana ƙanzo. Har yau in sanyi ya shigo gaɓoɓin hannuna ciwo suke, saboda dukan ƙwarya.

Mu uku ne. Ni ke bugun ƙwarya, mutumin Karofane ne ni, ban daɗe a lakwal, makarantar boko, ba, na dai fito da abin da zan iya haɗa baƙi. Na biyu Kirista ne, iyayensa suna aiki a asibitin mishan, a majami'a ya koyi gita mai kaurin murya. Fasto muke ce masa don tsokana, bai taɓa yi wa ko akuya wa'azi ba. Na uku shi ne mai waƙa, shi ne kuma mai gitar gaba. Ɗan makiyaya ne daga wajen Keita. Da Hausa yake farawa, in abin ya kai masa sai ya juye harshen gidansu, ya lumshe ido, ya manta muna bayansa.

Shi ya raɗa mana suna. Wani biki ne a Buza, mai riƙe da lasifika ya duƙo ya ce, "Orkes ɗin ga, mi sunanta?" Muka dubi juna. Mai waƙa ya ce, "Dawo." Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, kuma duk ran da ya rataya gita ya kama hanya, kalmar nan guda take jefo masa daga bakin shinge. Ita ya ba mu. Mutane kuwa suka ɗauka dawon fura ake nufi. Duk garin da muka shiga sai ka ji mata suna cewa, "Ga 'yan dawo nan, ina mai nono?" A baki ana jin bambancin kalmomin biyu, amma da Fasto ya rubuta a jikin farin ƙyalle da fenti, sai suka zama abu ɗaya.

Wata shekara ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba. Samari suka watse neman aiki, mai waƙa ya yi arewa, ya ƙetare hamada, da gitarsa da kaset ɗaya tak da muka taɓa ɗauka. Da farko ana samun gaisuwarsa a bakin masu dawowa. Daga baya sai shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana nan ba. Ni na koma noman albasa. Fasto ya zama gardi, wato mai gadi, a ƙofar asibitin da aka haife shi. Gemunmu ya yi fari muna nan.

Bara, lokacin kwasar albasa, ina Madawa muna loda buhuna, wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ke zuwa bakin teku ya leƙo ya ce, "Kai, tsohon mai ƙwarya! Ashe kun yi nisa ba ku hwaɗi ba?"

Na ce, "Nisan mi? Ga ni gabanka ina warin albasa."

Ya ce, "Dawo mana. Na gan shi cikin salula, can tasha wani ya nuna mini. Gita ce, irin ta mutanen nan naku."

"Ka ga huskar mai yi?"

"Babu huska. Suna dai, da kiɗi."

Na ce ya nuna mini, ya ce tasa salular ta kira ce kawai. Ya ja motarsa ya bar ni tsaye da buhu a kafaɗa.

Ban gaya wa kowa ba, amma direba ya gaya wa kowa. Ran kasuwa sai ga yayar mai waƙa a ƙofar gidana. Ta tsufa ƙwarai, ta rame, sandar kiwo ce a hannunta. Ko ruwan da matata ta kawo ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Ƙanena, an ce an ga sunanku."

Na ce, "Haka anka ce, Yaya. Amma suna ne kawai."

Ta ce, "Kawai? In an ce maka an ga saniya da shaidar gidanmu a cinya, ko a Agadas ne, ta wa ce?"

"Taku ce."

"To. Kai kana nan, mai gadin asibiti shina nan. Wa ya rage da zai ɗauki sunan?"

Ni ma haka na ɗauka. A wurinsu kowane gida da tasa shaida, ana ɗora ƙarfe mai zafi a fatar maraƙi, ba mai aron ta wani ko da wasa. Karsanar da ƙanenta ya bari ta haihu, 'ya'yanta sun haihu, duk da sunansa take kiwonsu, ko a shekarar yunwa ba ta yarda an kai ɗaya kasuwa ba. Ta ce, "Ka tahi ka jiyo mini. In shi ne, ko bai dawo ba, in dai san shina numfashi."

Na hau moto, wato babur ɗina, na nufi wurin Fasto, don shi ke da babbar salula. Na tarar ya sauka daga aiki, yana zaune a gindin dogon yaro bayan katangar asibiti, ya tuɓe takalma.

Ya ce, "A'a, mai ƙwarya. Ciwo ya kawo ka ko tsegumi?"

Na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya sa tabarau, ya buga baƙaƙen nan huɗu da yatsa ɗaya, a hankali. Muka jira rezo, wato sabis ɗin waya. Sai ya yi tsaki ya ce, "Kai, ba ɗaya ba ne hwa."

"Mi ne ba ɗaya ba?"

"Dawo. Ga su nan jere."

Na farko da ya taɓa, Turawa ne, ƙatti, gashi har gadon baya, sanye da baƙaƙen kaya, a tsaye cikin wani daji fari fat da ƙanƙara. Kiɗin ya faɗo mana kamar an kifar da kwanonin rufi daga kan mota. Mai waƙarsu yana kururuwa daga maƙogwaro, irin ta raƙumin da ake ɗora wa kaya. Wata mata da ke jinya ta leƙo ta kan katanga ta ce lahiya? Fasto ya ce, "Ƙannenmu ne, Inna, suna gaisuwa." Na ce, "Waɗanga ko a bikin maƙiyi ba a kai su."

Amma na kasa ɗauke ido daga dajin. Ga mu cikin zafin la'asar, ƙudaje na bin ƙafafunmu, ga wasu mutane suna tsaye cikin sanyin da ban taɓa ji ba, da sunan da wata mata ta jefo daga bakin shinge a ƙasar Keita. Na ce, "Wa ya kai musu?" Fasto ya ce ba mai kai musu, a harshensu wataƙila yana nufin wani abu dabam, ko sunan kare ne. Na ce, "To a hana su mana." Ya ce, "Tashi ka tahi ka hana su."

Na biyu mata ne, na can gabas mai nisa, masu ƙananan idanu. Suna zaune a ƙasa, kowacce da wani abu kamar goge a cinya, amma muryarsa ta fi ta goge siranta. Ba sa sauri. Sai su ja sauti guda ya yi tsawo, ya yi tsawo, har ka zaci ya ƙare, sannan ya lanƙwasa ya gangaro. Na jingina da icen. Ban san lokacin da na ga fadamar Keita ba, shekarar da ta cika, ruwa ya kwanta har gindin duwatsu, mu uku muna tafe a gefe da kaya a ka, farin balbela na tashi a gabanmu. Mai waƙa yana gaba, yana taka ruwan da gangan. Na ji har sanyin laka a tsakanin yatsun ƙafata. Da kiɗin ya tsaya sai na ga takalman Fasto a gabana, da ɓawon gyaɗa.

Akwai na wasu samari baƙaƙe masu busa ƙahonin ƙarfe, suna rawa cikin riga iri ɗaya. Akwai na wani mutum shi kaɗai da inji, ba waƙa, sai dum dum kamar ana daka a gidan maƙwabta. Kowa Dawo. Na ji kamar na shiga kasuwa na kira sunan ɗana, mutum goma suka waiwayo, ba wanda na sani.

Can ƙasa akwai wani da ba hoto, sai baƙin fili da sunan. Fasto ya ce, "Wanga ne direbanka ya gani." Ya taɓa.

Gita ce. Tun bugun farko tsikar jikina ta tashi. Tafiyar raƙumi ce a cikinta, irin wadda mai waƙarmu yake yi, a ja baya kaɗan sannan a faɗa gaba. Hannuna ya soma bugun gwiwata ba da izinina ba, kuma bugun ya zauna daidai, kamar an bar mini gurbi. Sai murya ta shigo. Siririya, da ɗan kaushi a ƙarshe, tana hawa ta tsaya a sama tana rawa. Harshen ban gane shi ba, ba Hausa ba ne, ba na gidansu ba ne. Amma mutumin da ya yi shekaru a wata ƙasa ai zai ɗauki harshenta.

Na ce, "Shi ne."

 Fasto ya cire tabarau ya riƙe.

Na ce, "Fasto, wallahi shi ne. Ka ji inda ya karya muryar? Haka ya yi a Buza. Haka ya yi a Sabon Gida ran da iska ta ɗauke rumfa."

Ya ce, "Na ji."

"To mi kake jira?"

Ya sake kunnawa daga farko. Muka saurara har ƙarshe. Inuwar dogon yaro ta matsa ta bar ƙafafunmu a rana, ba wanda ya gyara zama. Ni na riga na yi nisa. Na gan shi a wani gari mai fararen gidaje a bakin ruwa, yana zaune a kan dakali da rawani, yara na kewaye da shi, ya yi aure, ya yi ƙiba, yana jin kunyar dawowa hannu wofi shi ya sa ya yi shiru. Har na fara shirya zagin da zan yi masa.

Fasto ya mai da tabarau, ya kai salular kusa da hanci, ya karanta ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa. Ya ce, "Bara anka ɗauki wanga."

Na ce, "To ai shi ke nan. Shina da rai ke nan."

Ya ce, "Mai ƙwarya, yi mini waƙa."

"Wace irin waƙa kuma?"

"Kowace. Amshin da kake yi mishi da. Yi."

Na buɗe baki na ja amshin. Abin da ya fito ban so shi ba. Murya ce ta mai haƙora shida, ta mai tari da safe, ta kai rabi ta karye. Fasto ya ja nasa, nasa ya fi nawa muni. Matar nan ta bayan katanga ta ce, "Ku bari mana, akwai marasa lahiya."

Ya ce, "Ka ji mu? Shi ya girme ka da damina biyu. Wanga da ke waƙa yaro ne, bai kai talatin ba."

Na ce a sake kunnawa. Ya kunna. Muryar tana nan yadda take, sabuwa, ba tsatsa ko kaɗan, daidai yadda na bar ta a kunnena tun ran da muka raka shi tasha. Abin da ya sa na ce shi ne, shi ne ya nuna ba shi ba ne. Duk shekarun nan saurayi nake jira. Ban taɓa zama na ba shi furfura ba.

Na ce, "Ko ɗansa ne?"

Fasto ya ce, "Ko ɗan wani. Hamada faɗi gare ta, masu gita da yawa." Sannan ya ce, "Kada ka kai ma Yaya kalmar ko. Ko ba ta da iyaka, za ta ci sauran kwanakinta."

Na ce, "Kai ba ka da tausayi."

Ya ce, "Ni ke buɗe ƙohwar asibiti kullum. Na ga masu jiran ko."

Ya zuba mini waƙar a ƙaramin katin da nake sa wa rediyona, har da ta matan gabas, don na roƙa. Ta Turawan na ce ya riƙe abinsa. Ya raka ni bakin kwalta, ya ce in gaida Yaya, in ce mata yana sa ta a addu'a irin tasu, in ba ta ƙi ba. Na dawo gida rana na faɗuwa, duwatsun hanya sun yi ja, kiɗin yana ta yawo a kaina, ina jin gurbin ƙwaryar nan da aka bari.

Washegari da na yi sallah na zuba mai a moto, na rataya rediyo, na kama hanyar Keita. Na same ta a bakin rijiya tana jan guga, shanu sun kewaye kwami. Na gaishe ta, ta amsa ba ta saki igiya ba. Na ce, "Yaya, na jiyo. Ba shi ba ne. Masu sunan da yawa, har da Turawa, har da mata. A can suna ba shaida ba ne, kowa ɗauka yake."

Ta jawo gugan har sama, ta juye a kwami, ta tsaya tana kallon shanun suna sha. Ta ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata."

Ta ce, "Wanda ya yi kama da shi ɗin, shina cikin akwatin ga?"

Na ce yana ciki. Ta miƙo mini igiyar. Na kunna rediyon na ajiye mata a kan dutse, ta zauna kusa da shi, ni kuma na ci gaba da jan ruwa har shanun suka ƙoshi.