Littafin Akuya Ya Rasa Bango

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale, malamin firamare a Wunti. Allah Ya jiƙansa. Ban yi niyyar rubuta komai bana ba, amma abin da ya same ni watan jiya ya hana ni yin shiru.

Littafi ɗaya tak Yaya ya rubuta, na yara, labarin wata akuya da ta faɗa motar kasuwa ba da sanin mai ita ba. Yara ba su taɓa kiransa da sunan da ya sa masa ba, littafin akuya kawai suke cewa. Wata 'yar maɗaba'a ce ta buga masa shafukan, ni kuma na ɗinke su a shagona da keken ɗinki da baƙin zare. Maɗaba'ar ta daɗe da rufewa.

Yaya yana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa mu faɗa. Ba ya yarda littafin ya zauna a hannu ɗaya. Duk yaron da ya gama, dole ya miƙa wa na kusa da shi. In ya ga kwafi fes a jakar ɗalibi, ransa ɓaci yake yi, wai ba a karanta ba ke nan. Na sha ce masa, "Yaya, don Allah ka ɓoye ko guda ɗaya a akwati." Sai ya yi dariya ya ce littafi ba zanen aure ba ne.

Watan jiya na ji a rediyo wata ƙungiya za ta karrama littattafan yara da suka daɗe ana son su, kuma za a sake buga wanda ya yi nasara. Sake bugawar nan ce ta tayar da ni tsaye, domin kwafin da suka rage mutuwa suke yi a hankali. Sharaɗi ɗaya ne, a kawo cikakken kwafi.

Ba inda ban shiga ba. Na bi gidajen Wunti, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Yelwa wajen tsofaffin ɗalibansa. A barikin Shadawanka wata matar soja, 'yar kudu, ta ciro nata daga ƙarƙashin katifa, ta ce da shi 'ya'yanta suka koyi karatun Hausa. Na tara leda guda. Wani da tabon manja, wani koko ya manne shafukansa, wani an zana wa akuyar tabarau. Ko ɗaya babu mai bango, kuma shafin ƙarshe ya ɓalle a dukkansu.

Matashin da ya karɓe ni a ofishin ƙungiyar mai ladabi ne, ba zan yi masa sharri ba. Ya jujjuya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ba bango, ba sunan marubuci, ba ƙarshen labari. Ta ina za mu fara?"

Na ce, "Ɗana, kun ce wanda yara suka fi so kuke nema. To ga shi nan, so ne ya cinye shi."

Ya yi murmushi ya miƙo mini ledata.

Littafin da aka karrama na san shi. Mai sheƙi ne, ban ce ba shi da kyau ba. Na gan shi a makarantar jikokina, kulle a kabad ɗin hedimasta, ko ledarsa ba a ɓare ba. Ai dole a samu cikakke!

Da Yaya na raye me zai ce? Na san shi sarai, dariya zai yi, ya ce shi ne ya ci. Ni kuwa ba na dariya. Ina jin haushin ƙungiyar, kuma wallahi ina jin haushinsa shi ma. Guda ɗaya fa na roƙa, Yaya.

Abin da ya saura nasa shi ne yara suna karantawa har yanzu, kowa da ƙarshen da ya ƙirƙiro wa akuyar. Shekaranjiya 'yar maƙwabciyata ta kawo mini nata in ƙara masa ɗinki, takardar ta yi laushi har ba ta riƙe zare. Na tambaye ta ko ta san wanda ya rubuta shi. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Kaka, ai ba wanda ya rubuta shi, dama can akwai shi."

Akwai wanda ya rubuta shi. Sunansa Sale, kuma sunan yana jikin bangon.