Albasar Bawku a Farantin Otal

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Tun tana budurwa take sayar da albasa a kasuwar Bawku, buhu-buhu, har direbobin Kumasi sun san rumfarta. Da gari ya rikice, kasuwa ta ci yau gobe a hana, sai muka matsa mata ta dawo wurina a Salaga. Ta zo da akwati ɗaya da tabarmar salla. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma matar da na sani da surutu da dariya ta koma zaman ƙofar ɗaki tana kallon awaki. Haka muka yi shekara biyu.

Wata Laraba aka kira mu taron malaman makaranta a Yendi, na rabin yini. Na ce ta raka ni ta sha iska. Da ƙyar ta yarda. Muka kama hanyar Bimbilla da sassafe, ta jira ni a inuwar wani mangwaro har muka tashi.

Bayan azahar na ja ta zuwa wani otal da abokan aikina suke ta yabo. Mai shi ɗan garin ne, ya yi shekaru yana girki a Italiya, ya dawo ya gina abin da ya gani a can. Bango fari fat, ƙofofi da tagogi shuɗaye, ga tukwanen ƙasa da aka shuka ganyaye a ciki. Da yake ranar aiki ce, ba kowa sai mu da wasu ma'aikatan banki biyu. Goggo ta tsaya gaban wani babban hoto na ruwa da jirage.

"Wannan bakin ruwan Makango ne, na kusa da Salaga?"

"A'a, Goggo, tekun ƙasar Turawa ne."

"To, kwale-kwalensu bai fi namu ba," ta ce, ta zauna.

Mai otal da kansa ya kawo abincin. Mutum ne mai tumbi da fara'a, Hausarsa gauraye da Dagwambanci, yana ta kiran ta Mma, wato Inna. Ya ajiye gasasshen kifi da lemun tsami, da burodi mai faɗi, da man zaitun a ɗan ƙaramin kwano. Sai wani faranti na tumatir da kokwamba da ƙwayoyin zaitun da farin cuku, an yanka ɗanyar albasa a kai. Goggo ta leƙa farantin, ta matso kusa da kunnena.

"'Yata, wannan sun manta ba su ɗora a wuta ba."

Na ce haka ake cinsa. Ta ɗanɗana ƙwayar zaitun ɗaya, ta yamutsa fuska, ta tofar a tafin hannunta a ɓoye. Kifin dai ya shige ta. Can sai ta ɗauki yankin albasa ta kai baki. Ta tauna sau biyu ta tsaya. Ta sake ɗaukar wani ta ɗaga shi wajen hasken taga.

"Wannan ta gida ce," ta ce. "Ta noman rani. Dubi jarta, ji yajinta. Ba a samun wannan sai Bawku."

Na yi dariya, na ce albasa ai albasa ce. Ba ta ko kalle ni ba, ta ɗaga hannu ta kira mai otal da muryar da na rabu da ji, muryar kasuwa.

"Ɗana, ina ka sayi albasar nan?"

Ya ce gaskiyarta, ta Bawku ce. Wata tsohuwa ce take kawowa, tana zaune bayan tashar mota, ita ma ba ta daɗe a garin ba.

"Doguwa ce? Mai wushirya?"

"Ƙwarai, Mma."

"Tana tauna asuwaki tana ciniki?"

Ya kwashe da dariya. "Ba ta cire shi ko za ta yi faɗa!"

Goggo ta miƙe tsaye. Maƙwabciyar rumfarta ce, ta ce mini, shekara talatin suna raba inuwa ɗaya, kuma tun ranar da kowa ya kama gabansa ba ta ji ɗuriyarta ba. Na ce mu gama cin abinci tukuna. Ina, har ta gyara mayafi. Mai otal ya naɗe mana sauran kifin, ya fita titi da kansa ya tsayar mana da keke mai ƙafa uku.

Daga nesa muka hango ta a kan buhu, asuwaki a baki. Ta ɗaga kai, ta ƙura wa Goggo ido, asuwakin ya faɗi ƙasa. Ba su rungumi juna ba. Hannu suka riƙe, suna ta gaisuwa, a gaida wannan a gaida wancan, rabi da Hausa rabi da Kusasanci, hawaye na zuba. Wasu da aka tambaya sun rasu, wasu suna Kumasi, wasu suna can Bawku ba su motsa ba. Ana cikin haka wata mata ta zo sayen albasa, sai na ga Goggo ta jawo kwano ta fara zaɓar mata, tana matsa kowace da babban yatsa.

Motar Salaga ta tashi ta bar mu. Muka kwana a ɗakin ƙawar tata, kifin otal ya zama abincin yammarmu mu uku. Washegari ni kaɗai na koma gida, don Goggo ta ce za ta ƙara kwana biyu. Kwana biyun nan ya zama rani uku. Da damina take zuwa Salaga, da zarar an fara cire albasa ta haɗa kaya.

A Yendi ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Ƙawarta ce ta yi mata wanka. Ba ta sake ganin Bawku ba.