Tafiya Dogarawa da Famfon Giris

Ladan bai sauke kiran assalatu ba muka bar garejinmu na Birnin Konni, mu uku a gaban tsohuwar kamiyo, motarmu ta ɗaukar kaya: direba, babban makanike, sai ni mai sa giris, rungume da famfona. Ban taɓa wuce Tsarnawa ba, don haka zumuɗi ya hana ni ko karyawa. Amma fa ba yawon shan iska za mu ba. Jiya aka aiko cewa injin haƙa da muka tura wani ƙauye arewa da Dogarawa, don ya zurfafa musu tabki kafin ruwan farko, yana ta ƙara, hannunsa kuma ya soma ƙagewa. Ni na cika masa giris kwana shida da suka wuce. Mai gareji bai ja magana ba: in aka tarar da gaɓoɓin a bushe, in ajiye famfo in koma noma.

A Tsarnawa wani jandarma ya leƙa gwangwanina na giris ya ce ko zuma ce. Na ce bismilla, ya ɗanɗana. Ya ƙi. Da muka doshi Malbaza na saki baki ina kallon masana'antar siminti, itatuwan gefenta duk sun yi furfura. Nan muka sha fura da nono ta dala biyu, mai kauri, wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Dogarawa kuwa hancinka ne zai fara gaya maka ka iso, don albasa ce tuli-tuli a bakin hanya, ƙwarya guda dala uku. Daga nan muka saki kwalta muka bi sawun amalanke cikin yashi, sau biyu muna sauka turi.

Tun daga nesa muka hango injin a bakin busasshen tabki, yana walƙiya kamar yau aka sauke shi daga jirgi. Na ruga na duba gaɓar farko. Ƙayau! Ta biyu ma haka. Ko ɗigon giris babu. Makanike ya dube ni, ni kuwa har na fara tunanin inda na jingine hauyata. Da na cusa yatsa cikin gaɓar, sai ya fito da toka da yashi, yana ƙamshin sabulu. Mai tuƙa injin ya ce shi a Dogarawa yake kwana, kullum in ya iso da hantsi haka yake tarar da shi fes, ya ɗauka kirkin mutanen gari ne, ƙura suke kakkaɓewa.

Muna cikin haka sai ga wata dattijuwa da soso a hannu, mata shida na biye da ita da tuluna.

"Sannunku da zuwa, ɗiyana. Kun ga baƙonmu? Kullum da sahe muna yi mai wanka. Wanga baƙin datti da ka hitowa ga gwiwoyinai, sai da tsinke munka hidda shi."

Na ce, "Inna, ai wanga datti shi na abincinai!"

Ta dafe ƙirji. "Wayyo! Mun ga shina yi muna aiki, ba ya cin tuwo, ba ya shan hura, munka ce ko wanka mu yi mai. Ashe yunwa munka sa mai?"

Dariya ta kama makanike har ya zauna a ƙasa. Ni dariyar ta maƙale mini, don na ga rijiyar da suke ɗebo ruwan nan, gaba ashirin ce, kuma ko na sha da ƙyar yake isarsu.

Har azahar muna zare ƙusoshin gaɓoɓi, muna wanke su da gazuwal, wato man dizal, muna mayarwa. Na bi kowane ɗan bakin ƙarfe na ɗura giris sai na ga ya tsattsafo ta gefe. Gaɓar ƙarshe na miƙa wa dattijuwar famfon. Ta danna da hannu biyu, giris ya ɓullo, ta kama gefen zanenta za ta share, sai ta tuna ta janye hannu. Da aka tada injin, hannunsa ya miƙe shiru, ya dumbuzo ƙasa cike da cokali. Guɗa ta tashi, ni ma na daka tsalle ba kunya. Makanike ya dafa ni ya ce shi da bakinsa zai yi wa mai gareji bayani.

Mun baro dattijuwar zaune a gindin aduwa da sanda, ta ce duk wadda ta matso da soso ita da ita. Sun cusa mana zabi biyu a mota, hadari kuma ya fara haɗowa gabas muna kan hanya.

Kafin magariba muka shigo Konni, famfona yana hannuna. Abin da na koyo shi ne, shekara huɗu ina kiwon ƙarfe, ban taɓa tsayawa na gaya wa masu shi abin da yake ci ba. Yanzu duk inda muka kai inji, sai na tara mata tukuna.

Da na ba maiɗakina labari, ta ɗaga rigata da yatsa biyu ta ce, "To wagga hwa? In wanke, ko ita ma abincinka ta?"