Motocin da Aka Yi Sadaka da Su

Ɗan farina ne, shi ya sa ko a takardar nan ba zan rubuta sunansa ba. Haka muka taso muka tarar: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da lamarinsa. "Yaron nan" nake ce masa har ya yi gemu.

A shagon kayan gyaran mota yake aiki, kusa da tashar manyan motoci a nan Garwa. Bai taɓa mallakar mota ba, babur ɗin da yake hawa ma na maigidansa ne. Amma ɗakinsa cike yake da motoci. Ƙanana ne na ƙarfe, wata ba ta wuce tafin hannu ba, sai dai babu abin da aka rage mata: ƙofa tana buɗewa, sitiyari yana juyawa, tayar ma roba ce. Direbobin da ke zuwa daga Ngawundere yake ba saƙo, su kuma su sa masu hawa jirgin ƙasa su sayo musu a kudu. Wani lokaci sai damina ta shiga ta fita yana jiran mota guda. Ranar da ba aiki kuwa yana wajen 'yan gwanjo, yana tona tarkacen da ke zuwa a ƙasan dila.

Shi da kansa ya kafa katakai a bango ya jera su, kowace a cikin kwalinta mai 'yar tagar leda. Ya toshe tagar ɗakin da tabarma don kada rana ta kashe launin kwalayen, ya yarda ya riƙa kwana cikin zafin Garwa babu iska.

Idan sabuwa ta iso sai ya leƙo madafa.

"Dada, zo ki ga tankar mai."

"Na yi maka kama da mai sayen fetur?"

"To zo ki ga ta auduga. Irin wadda ke wucewa ta gadar Binuwai ce sak."

"Sa'o'inka suna haɗa lefe, kai kana tara kayan wasa."

"Ai wadda za ta aure ni ta more, Dada. Ranar ɗaukar amarya sai an rasa inda za a ajiye motoci."

Nakan juya fuskata wajen tukunya don kada ya ga dariyata. Ban taɓa zuwa na gani yana tsaye ba. Sai ya fita nake ɗaukar tsintsiya in shiga, in ce shara ta kai ni. A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, sai in tsaya ina haɗa baƙaƙen jikin kwalayen, ko da ba yarenmu ba ne. Motar audugar nan, shuɗiya mai farin bodi, ita na fi daɗewa a gabanta. Ban gaya masa ba.

Maigidansa ya aike shi Ngawundere ɗauko kaya. A hanyar dawowa, wajen gangaren dutse, birkin babbar motar da ya hau ya ƙi. A tabarma aka kawo shi. Ba su bar ni na ga fuskarsa ba, ni kuma ban nema ba, saboda mutane suna kallo.

Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, don haka ƙanin mijina, baffan yara, shi ya tsaya a kan komai. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Mata suna ta cewa na yi kunya, na yi dauriya. Ni kuwa abu guda nake jira: a watse, in shiga ɗakin nan in rufe ƙofa, in zauna da motocinsa yadda ya jera su. Tufafinsa da katifa duk a bayar, ban damu ba. Motocin kaɗai nake so a bar mini.

Ranar addu'ar bakwai, an gama rabon waina, ina zaune a tsakiyar mata, baffan yara ya yi sallama a bakin zaure.

"Yaya, tufafin mamacin an fitar, an ba mabuƙata. Saura kayan wasan nan da ya cika ɗaki da su. Ga yaran unguwa sun taru. A ba su, ladan ya kai masa, ko?"

Ba da mugunta ya faɗa ba. Mutum ne mai son ya ga an sauke nauyi. Ya tsaya yana jiran amsa, dangin mijina ma suna jira. Maganar tana bakina: a bar su. Amma in na faɗa, na nuna ke nan a gaban surukai cewa ɗan fari ya tsaya mini a rai, har ina riƙe kayan wasansa, ina hana masa lada. Wata tsohuwa a gefena ta riga ni: "Ai ita me za ta ce? Ba ta magana a kansa."

Na ce, "To."

Ina zaune na ji ihun yara a waje. Sai ƙarar yage kwali. Sai ƙarar ƙananan tayoyi a kan siminti.

Da aka watse na shiga ɗakin. Katakan sun zama fayau, sai shatar ƙura inda kowace ta zauna. Na fita ƙofar gida na tsince kwalayen da yara suka yar, har waɗanda awaki suka fara tauna.

Bayan 'yan kwanaki na kasa haƙuri, na yafa mayafi na je wajen malamin unguwarmu. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, in mutum ya yi sadaka da abu, zai iya karɓo shi?"

"Abin da aka ba Allah ba a komawa a karɓo, Hajiya."

"Ko da saye zan yi? In ba yaran wani abin a madadinsa?"

Ya dube ni, ina jin ya gane. "Da bakinki aka bayar?"

"Da bakina."

"To ki bar masa ladansa. Shi ya fi buƙata yanzu."

Na yi godiya na taso. Ban yi gardama ba, don ban san yadda zan ɗauki abu daga hannun wanda ke kabari ba.

Daga nan sai na riƙa haɗuwa da motocin a hanya. Tankar mai na gan ta a kwata, babu taya ko ɗaya. Wata ja an cika ta da yashi, an take rufin. Wata an ce uban yaron ya kai ta Mayo-Oulo tsaraba. Kafin damina ta ƙare yawancinsu sun ɓace. Na koyi tafiya kasuwa ina kallon sama.

Wata safiya ina tankaɗe a tsakar gida, 'yar maƙwabciyarmu ta shigo da gudu, ba ko sallama.

"Dada, igiyata ta tsinke. Ɗaure mini."

Motar audugar ce. Ƙofa ɗaya ta fita, shuɗin ya goge, an huda gaban da ƙusa an zura zaren buhu. Ban taɓa riƙe ta a hannu ba sai ranar. Ashe tana da nauyi. Na sa bakin zanena na share mata laka, na juya sitiyarin da farce, yana nan yana juyawa.

"Dada, yi sauri mana, za su tafi su bar ni!"

Na ƙulla zaren sau biyu don kada ya sake tsinkewa, na miƙa mata. Ta ja ta bisa tsakuwa, ta fice.

Kwalayen na manna su da ƙullun rogo, na mayar da su kan katakan, iya yadda na tuna jerinsu. Tabarmar tana nan a taga, ban cire ba. Yanzu ina shiga ɗakin ba tare da tsintsiya ba.