Tauraron da Muka Kai Inuwa

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, ni da ƙawata 'yar unguwar Dubeli muka ɗauko dala ba gammo. Muka ce za mu haɗa ƙwaƙwalwar ƙaramin tauraron ɗan'adam, irin wanda ke zagaya babban tauraro yana duba masa inda ya lalace, ba tare da ya buge shi ba. Malaminmu ya dube mu ta saman tabarau, ya ce zai zo ya gani da idonsa. In abin ya zagaya lafiya mu ci gaba, in ya yi karo mu koma haɗa injin ban ruwa kamar kowa. Ni kuwa na tsani injin ban ruwan nan tun kafin in taɓa shi.

A sararin samaniya abu yawo yake, babu ƙasan da zai riƙe shi, mu kuma ruwa ne kawai muke da shi mai kama da haka. Muka ɗora na'urar kan faranti, muka maƙala mata ƙananan fankokin matattun kwamfutoci, muka sa ta a ƙaton bahon gidanmu da ke Makama. Babban tauraron kuwa ƙwaryar furar mahaifiyata ce, Dada, muka kife a tsakiya. Da kamara na'urar ke ganin ƙwaryar, amma sai ta ga rana take sanin inda ta dosa. Da yake babu mai hankalin da zai yi aiki a ranar Yola, a ɗaki muka yi ta gwaji, ƙwan lantarki ya zame mana rana. Ƙawata ta riƙa kiran abin jaririnmu.

Ran da Malam ya zo aka ɗauke wuta. Muka kinkimo bahon zuwa tsakar gida, kai tsaye gindin darbejiya, inda Dada ta shimfiɗa wa baƙo tabarma. Babu wanda ya yi shawara da wani. A garinmu duk abin da kake so, inuwa kake kai shi.

Na kunna. Jaririnmu ya juya dama, ya juya hagu, ya kama bin ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye kamar ɗan tsako. Ya nufi ƙwarya gadan-gadan. Malam ya fara laluben takalminsa.

Ƙawata ta cafke farantin, ta ɗaga kai sama, sai ta fashe da dariya.

"Malam, a yi haƙuri. Yaron nan rana yake nema, mu kuma mun ɓoye masa shi."

Muka ja bahon tsakiyar rana, ruwa na fantsama a zannuwanmu. Na sake kunnawa. Ya ɗan yi jim, ya daidaita kansa, sannan ya soma zagaya ƙwaryar a hankali, kamararsa na kallonta, bai ko shafe ta ba. Na yi tsalle har ɗankwalina ya faɗi, murna ta hana ni jin kunyar kowa. Malam ya baro tabarma ya tsuguna bakin baho, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ce a bar shi ya ƙara zagayawa. Bai sake zancen injin ban ruwa ba.

Ina durƙushe a wurin na ji inuwa ta rufe ni. Dada ce tsaye cikin rana, riƙe da faifai bisa kaina.

"Ɗanku ya sha ranansa," in ji ta. "Tawa kam ba za ta sha ba."