Jan Bargon Mamosili

Mamosili ba 'yar kan dutse ba ce, aure ne ya hawo da ita. Tana da shekara ashirin Lebusa ya ɗauko ta daga gangaren Lesotho, inda masara ke kere mutum tsayi, ya kawo ta ƙauyensu a yankin Mokhotlong, inda ko bishiya sai an lallaɓa ta take tsirowa. Sanyin farko da ta gani ta yi kuka har ta gode Allah. Ba a jima ba shi kuma ya bi sahun mazan ƙauyen zuwa ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, shekara ashirin da biyu yana leƙo gida kamar baƙo. Da ya dawo gaba ɗaya, tsarabarsa uku ce: tari, da idanu masu hazo, da wani jan bargo mai kauri da ya sayo mata. Bargon ta ninke ta sa a akwati, ta ce ya fi ƙarfin yawon gida.

Da giyar dawa ta riƙe gidan duk shekarun nan. Ranar da giya ta nuna sai ta ɗaura farin ƙyalle a kan doguwar sanda, yadda kowa ke yi: fari giya, kore ganyen miya, ja kuwa nama. Wanda ke tsallaken kwari ba sai an aika masa ba, ido zai ɗaga kawai.

Ga abin mamaki kuma a tsufanta. Dusar ƙanƙarar da ke kashe musu tumaki tun zamanin kakanni ta zama abin kallo. Daga watan Yuni motoci ke hawowa daga birane, mutane da hankalinsu su biya kuɗi don su zame a kan tudu, su faɗi, su tashi suna dariya. Mamosili na sayar musu da hulunan ulu a bakin hanya, tana karɓar maloti, kuɗin ƙasar, daga hannunsu, tana kallonsu da tausayi.

A shekarar da nake ba da labari, dusar ta yi sammako. Watan Mayu ne, ba a gama sauko da dabbobi daga makiyayar saman dutse ba. Ranar Litinin Lebusa ya hau don ya koro tumakinsa talatin da huɗu.

"Gobe da hantsi ina gida," in ji shi. "Ki kula min da sān nan, kada ki bar shi a waje."

Sā guda ne gare shi, kuma ya fi ji da shi a kan 'yan uwansa na jini.

Talata dusa ta wuni tana zuba, Lebusa bai dawo ba. Laraba da safe ta ɗauke, amma duniya ta zama fari fat, babu hanya, babu rufin ɗaki, babu dutse. Tsoro ya kama Mamosili sosai. Ta san idon mijinta, ta kuma san gangaren hagu, inda ƙasa ke yankewa ba sallama. Gidajen maƙwabta na nesa, dusa har gwiwa, gwiwoyin nata kuma sun daɗe da yin ritaya. Ta ɗauko farin ƙyallenta, ta dube shi, ta dubi sararin, ta yar. Sai ta buɗe akwati.

Sanda biyu ta haɗa, ta ɗaura jan bargon, ta kafa a kan katangar garke. Ko kusa nama bai zo mata a rai ba.

Ba a yi awa guda ba sai ga maƙwabcinsu Sekhonyana a kan doki, da kwano a ƙarƙashin bargonsa.

"Inna Mamosili, wace ce sanyi ya kayar, tunkiya ko saniya? Ni dai a ajiye min hanta."

Kafin ta ba shi amsa wasu uku sun ɓullo, bayansu wasu. Maza goma sha ɗaya, waɗanda da aiki aka kira su da kowa ya ce ƙafarsa na ciwo, sun keto dusa saboda nama.

Ta tsaya ta ƙare musu kallo. "Naman na nan, Baba Sekhonyana. Yana kan dutse da ƙafafunsa. Ku je ku koro min shi, ku haɗo da mai shi."

Kunya ta rufe su. Suka ajiye kwanoni a ƙofarta suka nufi sama.

Rana ta karkata lokacin da ta hango su. Ta ƙirga kawuna, ta sake ƙirgawa: goma sha biyu. Nan ta zauna daɓas a kan dusa. Daga baya Sekhonyana ya faɗa mata sawun Lebusa ya miƙe sak zuwa gangaren hagu, saura taku kaɗan, sannan ya yi kwana ya fuskanci ƙauye.

Aka sauko da Lebusa daga doki, gemu duk ƙanƙara, leɓe ya yi baƙi, tumaki talatin da ɗaya a bayansa. Ya yi tari har ya duƙa, sannan ya ɗago.

"Wa ya ba ki izinin yanka min sā?"

Ashe jan ɗigon nan da ya hango cikin farin, haushi ya ba shi, haushin kuma ya juyo da shi gida. Mamosili ta yi dariya har hawaye suka zo, suka ƙi tsayawa. Daga cikin garke sān ya yi kuka, Lebusa ya waiwaya ya gan shi.

Tunkiya dai sai da aka yanka, don ba a ɗaga jar tuta a sallami mutane da kwano wayam. Sekhonyana ya sami hantarsa.

Ta sauke bargon, ta shanya a bakin wuta har ya bushe, ta lulluɓa wa mijinta.

"Ke fa na sayo wa," ya ce.

"Ai na yi amfani da shi," in ji ta, ta gyara masa shi a wuya.